Baba Kacau, Wanda Ya Shiga Tsakanin Ƙanena da Bindiga

Kowace safiya a lokacin farauta, kafin in gama share ƙofar shagona, nakan jiyo shi tun daga kwanar titi. Gwangwanaye ne masu tsakuwa a ciki ya jera a igiya ya ɗaura a ƙugu, suna ta kacau-kacau, ga jan buhu a kafaɗa, ga wuƙa da gammo. Shagona ne na ƙarshe kafin a shiga daji, a firijina kuma maharba ke ajiye nama, don haka na fi kowa sanin shigarsa da fitarsa. Yakan sha shayi a tsaye, ya tambaye ni su wa suka wuce da inda suka ce za su yi kwanto, sannan ya nutse cikin itatuwa yana waƙa da wata murya da ko mahaifiyarsa ba za ta yaba ba. Baba Kacau muke ce masa.

Bai taɓa harba bindiga ba. Ɗan dako ne. Idan maharbi ya kayar da barewa a inda mota ba ta shiga, shi ake kira. Ya feɗe, ya yanka gunduwa-gunduwa, ya cusa a jan buhun, kan kuma ya naɗe shi, ƙahoni na kallon ƙasa. Maharba sun sha yi masa tsiya cewa hayaniyarsa na korar musu nama. Amsarsa ɗaya ce kullum: a dajin da ciyawa ta fi mutum tsawo, abin da ido ya fara gani shi yatsa ke bi, kuma gara nama ya gudu da a ɗauka shi ne naman.

Ni matsoraciya ce, ban taɓa ɓoyewa ba. Duk ƙarar bindiga daga dajin nan firgita ni take yi, balle da Auta ya shiga farauta. Auta ƙanena ne, ni na raine shi bayan rasuwar mahaifiyarmu, kuma ga taurin kai kamar na jaki.

Ranar da abin ya faru, Auta ya kayar da barewarsa ta farko, namiji mai manyan ƙahoni. Ya kira Baba a waya, amma ɗoki ya hana shi jira. So yake matarsa ta ga dabbar ɗungurungum kafin a yanka. Ya cire kayan ciki, ya saɓa ta a wuya, ya riƙe ƙafafun a ƙirji, kan yana sama, ya yanke ta kwari don ya fi kusa.

Da Baba ya isa wurin, kayan ciki da ƙudaje kawai ya tarar, sai sawun takalmi ya nufi kwari. Ya kuwa san wanda ke kwarin, don ni na faɗa masa da safe: wani maharbi da ake kira Dogo ne da mutanensa suke kwanto a can. Waya ba ta shiga kwarin. Mutum mai shekara sittin da ɗoriya ya jefar da gammo ya ruga a guje.

Dogo ne ya ba ni sauran labarin daga baya, a kan bencin shagona. Ya ce ƙahoni ya gani suna tafe a saman ciyawa, suna rangaji, babu kai babu ƙafar mutum.

"Na ɗora yatsa, Yaya," ya ce. "Wallahi na riga na ɗora."

A lokacin ne ya ji gwangwanaye daga gefe, da wata murya tana ta faɗin mutum ne, mutum ne. Tsohon ya faso ciyawa yana kaɗa jan buhu, ya tsaya daidai tsakanin ƙahonin da bakin bindiga. Dogo ya sauke tasa. Amma wani cikin mutanensa, daga can ƙarshen layi, ya riga ya saki tasa, ta sami Baba a cinya.

Na ji harbin daga shago. Bayan shi ba a ƙara wani ba, daji ya yi tsit, kuma wannan shirun ya fi ƙarar ba ni tsoro. Can sai ga maza sun fito ɗauke da mutum a kan itace. Takalman wanda aka ɗauko na tsura wa ido, ina roƙon Allah kada in gane su. Sai na hango Auta a bayansu, yana tafe da ƙafarsa, jinin barewa ya jiƙe masa riga, yana kuka kamar ranar da muka binne mahaifiyarmu. Ko ƙwarzane babu a jikinsa.

Baba, kai ne ka ga bakin bindiga ka nufe shi. Kai ne aka tambaya a asibiti wa ya harbe ka, ka ce ciyawa ta hana ka gani, kuma har yau ba ka kama sunan kowa ba. Da Auta ya durƙusa a gaban gadonka yana neman gafara, cewa kawai ka yi ya koma ya ɗauko namansa kafin ya lalace, amma wannan karon ya yanka shi. Namijin duniya, mai ɗaukar nauyin da ba nasa ba!

Baba ya warke, ya koma aiki da ɗingishi, ya ƙara shekaru yana fito da naman mutane. Bana gwiwa ta ce ta gaji, ya ajiye. Makon jiya na je gaishe shi a ɗakinsa, na tarar da shi a tabarma ya miƙe ƙafar, na tambaye shi ko bai ji tsoro ba a ranar.

"Yarinya, tsoro ya kusa kashe ni kafin bindigar," ya ce. "Har gobe, in aka bugo ƙofa da ƙarfi, sai cinyar nan ta amsa."

An kusa buɗe farauta, kuma gabana faɗuwa yake yi. Sababbin 'yan dakon da nake gani suna shiga daji shiru, kunne toshe da kiɗan waya, wai abin kunya ne mutum ya riƙa hayaniya. Ina roƙonku, 'yan dako da maharba, ku je ku zauna da tsohon nan tun yana da rai. Ku yanka nama kafin ku ɗauka, ku rufe ƙaho, ku tambayi inda ake kwanto, ku bar daji ya san mutum ne ke tafe.

Na gode, Baba, Allah ya saka maka da alheri, ya sauƙaƙa maka ƙafar nan. Auta yanzu yana da 'ya'ya biyu, duk bayan ranar aka haife su. Babbar ta shiga makaranta bana, kuma ubanta ne ya riƙe mata hannu ya kai ta.