Albarka da Gargazar da Ta Haɗiye 'Ya'yanta

A Gwandu, 'yan shekaru bayan zuwan Nasara, an yi wani mai haƙar rijiya wai shi Albarka. Gwani ne, ba ƙarya, sai dai bai taɓa tambayar kowa hanya ba ko da ya ɓata. In ya shigo gida ya yi gyaran murya, 'ya'yansa uku sai su ruga bayan uwarsu Hajjo su lafe. Shi kuwa gogan naka ya ce ai ladabi ke nan.

Wata shekara aka kira shi yasar rijiya a barikin Birnin Kabi. Can ya hangi wani Bature ya ajiye kifi a ƙatuwar kwalba, ba ci ba sayarwa, kallo kawai. Abin ya shiga kan Albarka. Da dawowarsa ya bugi ƙirji a majalisa, wai zai kiwata kifin gargaza a gida har ta hayayyafa, kuma ranar da mai unguwa ya ga 'ya'yan da idonsa, dole a riƙa kiransa Sarkin Ruwa. Jama'a suka ce sun yarda, suna ƙunshe dariya.

To, Hajjo 'yar masuntan Kalgo ce, ubanta Sambo a kan taru ya yi furfura. Amma ina Albarka zai haɗa ido da suruki ya ce a koya masa? Kunya ta hana wannan, girman kai ya hana shi tambayar matarsa. Sai ya bi ta bayan garin Kalgo kamar ɓarawon akuya, ya sayo gargaza shida a tulu, ya antaya su a kwatarniya cike da ruwan rijiyarsa. Kafin la'asar duk sun juya ciki sama. Ya ce bakin mutane ne.

Karo na biyu ya ɗauko ruwan gulbi da yashi a bayan jaki, ya sayo uku, maza biyu da mace ɗaya. Maza biyun suka kama faɗa har ɗaya ya mutu, Albarka ya ce halin Kalgo ne suka zo da shi. Da namijin da ya rage ya fara tona rami a yashi da baki, sai murna ta kama shi, wai har kifi ya gaji sana'arsa.

Ana nan, ran nan sai ga 'ya'ya cunkus, ƙanana kamar tsabar gero, suna kewaye uwar. Albarka ya aika wa mai unguwa ya zo bayan sallar Juma'a. Ranar Alhamis da hantsi ya sunkuya kan kwatarniya, ya yi gyaran muryar nan tasa. Nan take uwar ta wage baki ta zuƙe 'ya'yan kaf, ko ɗaya bai rage ba.

Ransa ya ɓaci matuƙa, ga sarauta ta tafi cikin kifi. Hajjo ta buɗe baki za ta yi magana, ya daka mata tsawa, ya ce shari'ar kisan kai ake, ba daka ba. Ya cafko gargazar ya maka ta da ƙasa a tsakar gida. Tana shure-shure sai bakinta ya buɗe, 'ya'yan suka zubo da ransu, suna motsi a ƙasa. Kafin ya sunkuya kaji sun gama da su.

Hajjo ta ce a hankali, "Ba cinye su ta yi ba, Malam. Haka gargaza take. In ta ga abin tsoro sai ta ɓoye ɗiyanta a baki, in ya wuce ta sako su."

Ya ce, "Wane abin tsoro ne a gidana?"

Da ya ɗago kai, sai ya ga 'ya'yansa uku sun maƙale a bayan zanenta, suna leƙensa.

Sarauta dai ba a samu ba. Albarka ya ƙara shekara ashirin yana haƙar rijiya, amma tun daga ranar ba a sake jin gyaran muryarsa a ƙofar gida ba.