Ranar da Na Bar Fasinja Na Ruga Cikin Gero

Ni direba ne, haifaffen Sabon Birni. Lokacin da abin nan ya faru na shekara goma sha ɗaya ina jan bas tsakanin garinmu da Isa. A tasha ana yaba ni cewa ba ni gajiya, ni kuma yabon ya shiga kaina. Alhajin da ke da motar sawu uku yake so kullum, ni kuwa in na samu hali sai in ƙara na huɗu don a faɗa. Ruwa ba ni sha sosai, don kada fitsari ya matsa ni, tunda kowa ya san halin hanyarmu, ba mai son a tsaya a daji. Abincina goro da shayi. Kujerata kuwa sosonta ya daɗe da mutuwa, bisa ƙarfe nake wuni, inji na gasa ni daga ƙasa.

A haka basir ya kama ni. Sai in kwana huɗu ban zagaya ba, in kuwa na zagaya sai da hawaye. Kunya ta hana ni gaya wa kowa. Da mai ɗakina ta tambaye ni dalilin da ya sa nake zama da gefe ɗaya, na ce mata salon manyan direbobi ne.

Wata safiya cikin damina ina jiran lodi ya cika, sai ga mai maganin gargajiya da lasifika yana lissafa ciwona kamar ya leƙa cikina. Na kewaya bayan motarshi na sayi gora ɗaya, na ce na wani abokina ne. Ya dube ni, ya ce in gaya wa abokin nawa ya sha murfi ɗaya tak, kuma ranar ya wuni gida kusa da makewayi. Na ga murfi ɗaya ai na masu ƙaramin jiki ne. Na ɗaga rabin gora, na hau mota.

Mun yi nisa cikin daji, gero ya rufe hanya dama da hagu, sai cikina ya yi wani kuka da har fasinjan gaba ya tambaya ko injin ne. Na ce injin ne. Na cije, na yi salati, na yi zufa, har na kai inda babu sauran dabara. Na taka burki da ƙarfi, na ɓalle ƙofa, na ruga cikin gero ban ce wa kowa komai ba.

Abin da ban tuna ba shi ne, a hanyarmu in direba ya tsaya haka ya ruga, fassara ɗaya gare shi. Fasinja sunka ɗauka 'yan bindiga na hango. Ina tsugune na ji salati da kururuwa, mutane na fita ta ƙofa da taga, wani ma ya wuce ta gabana a guje yana ce mini in tashi, ba nan ake ɓuya ba. Sannan na hangi abin da har yau yake tayar mini da hankali. Burkin hannu na motar ya daɗe da lalacewa, dutse nake sa wa taya, kuma a gaggawar nan ban sa dutsen ba, ban kuma bar motar cikin giya ba. Bas ta kama gangara ita kaɗai, ga wata tsohuwa a ciki da kwandon zabinta, ciwon ƙafa ya hana ta fita.

Na bi mota da gudu, mazagin wando a hannu. Allah ya sa wani suri ya tare ta kafin ta kai kwazazzabon da ruwa ya ci a gefen hanya. Na leƙa, na tarar da tsohuwar zaune, ta dube ni tun daga sama har ƙasa.

"Ɗan nan, in ka gama zo ka ja motarka," in ji ta. "In ba ka gama ba koma, ni ba inda za ni."

Ban gama ba kuwa, dole na koma.

Tattaro fasinja ya ci mana awa biyu. Wasu sun kai wani ƙauye, sunka dawo da 'yan sa-kai riƙe da bindigogi suna tambaya ina ɓarayin. A gaban jama'a na faɗi abin da na ɓoye wa matata. Anka yi dariya har da masu riƙe ciki, amma wani ɗan kasuwa da ya dira ta taga bai yi ba, don hannunshi ya karye. Ciyaman ɗin tasha ya dakatar da ni wata guda, ya kuma hana motar lodi sai da Alhaji ya gyara burki da kujera. A asibiti likita ya ce dogon zama da ƙin shan ruwa da rashin hutu ne sunka kai ni nan, kuma da na ci gaba, ƙodata ce za ta biyo baya.

Yanzu sawu biyu nake yi, da gorar ruwa kusa da ni, in anka ce na yi sanyi in ce na gode. 'Yan'uwana direbobi, muna duba ruwa da man mota kowace safiya, mu manta da mai jan ta. Ciwon da ka ɓoye ba naka ba ne kai kaɗai muddin akwai rayuka a bayanka. Ku je asibiti, ku faɗa wa likita a ɗaki daga ku sai shi. Ni na ƙi faɗa wa mutum ɗaya, na ƙare da faɗa wa mota guda da rabin ƙauye.