Tukunyar Mutum Biyu

A gidan cin abincin da nake zuwa a Birezil, tukunyar kifi ta mutum biyu ce. Ko kai kaɗai ka zo, haka za a kawo maka ita tana tafasa, a ajiye faranti biyu da cokali biyu, sai ka ce an yi maka alkawarin baƙo. Ni kuwa kusan duk zaman da na yi a garin nan ni kaɗai nake zama gaban tukunyar, alhali ɗan da na haifa yana cikin garin.

Ni ƴar kasuwa ce, atamfa nake sayarwa a Yamai tun ina da ƙuruciya, gidana yana Kirkissoye, hayin kogi. Maigidana ya rasu, ƴaƴana mata duk sun yi aure. Babban ɗana, wanda shi ne na fari, ya samu karatun noma a Birezil, ya gama, aiki ya riƙe shi a wani birni na bakin teku. Ba zan rubuta sunansa a nan ba, don ban taɓa faɗinsa da bakina ba. Haka muka tashi muka tarar, uwa tana kunyar ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi gaban mutane, ba ta zama cin abinci da shi. Ana yaye shi uwar mijina ta ɗauke shi zuwa garinsu Tondibia, kusa da Yamai, a can ya girma yana kiranta Iya, ni kuma yana ce mini Hajiya tun ban je Makka ba. In zan yi maganarsa da ƙannensa sai in ce "yayanku". In na dafa abu mai daɗi sai in zuba a kwano, in rufe da faifai, in ba mai mota ya kai Tondibia. Ban ɗauki wannan a matsayin rashin so ba, har yau ma ban ɗauka ba. Wanda bai tashi cikin abin ba ne yake ganin kamar ƙiyayya ce.

Da ya aiko mini da tikitin jirgi, ƙawayena na kasuwa suka yi ta tsokanata wai zan je koyon ƙwallo. Na yi dariya tare da su, amma abin da ke raina daban ne. Gwiwoyina sun fara ba ni labari, tafiyar kuma ba ta kusa ba ce, na san da wuya in sake yin irinta. Abu ɗaya nake so kafin in dawo, in zauna da yaron nan mu ci abinci a kwano ɗaya ko da sau ɗaya ne. Iya ta rasu, ubansa ya rasu, babu sauran wanda zan ji nauyinsa. Na ce a raina can ƙasar da ba wanda ya san ni abin zai zo da sauƙi.

Gidansa ɗan ƙarami ne a saman bene, madafar ko juyawa ba a yi a cikinta. Bai yi aure ba, tukunyarsa ɗaya ce, ita ma da gani ruwan shayi kawai ta sani. Na ce a nuna mini kasuwa in yi cefane, ya ce a'a.

"An zo hutu ne, Hajiya," in ji shi. "Turist ba ta girki."

Haka muke magana da shi, ba "ke" ba "kai", sai "an tashi lahiya", "an gaji", kamar muna zancen wasu mutane da ba sa wurin.

Washegari da la'asar ya kai ni wani gidan abinci mai rumfar ganyen kwakwa, daga shi sai titi, daga titi sai yashi da teku. Ban taɓa ganin ruwan da ba shi da hayi ba. Kogin Isa namu na Yamai komai cikarsa kana hango unguwar Harobanda a hayi, wannan kuwa ido ya tafi har ya gaji. Mutanen da ke kan yashin suka fi ba ni mamaki. Da idon mai sayar da atamfa na dube su, na ga duk matan da ke bakin tekun nan in aka haɗa tufafin jikinsu ba za su cinye turmi ɗaya ba. Na gyara mayafina na ce Allah ya sa kada wannan yayi ya iso Yamai, don mu da kasuwa sai dai labari.

Shi ya yi magana da matar da ke kai abinci, wata mai jiki, baƙa kamar ni, da furfura a gefen kai. Kifi ya zaɓa, don shi ne ba shakka a kansa. Aka kawo shi a tukunyar ƙasa, da manja da madarar kwakwa, an yanka albasa da tumatir da tattasai a sama, ga shinkafa, ga soyayyen garin rogo irin wanda muke jiƙawa da sukari a gida. Ƙamshin ya tashi, yawuna ya tsinke. Na yi bisimilla na ɗaga cokali, na ɗaga ido, sai ga shi zaune daidai gabana yana kallona yana murmushi.

Hannuna ya ƙi. Wallahi na so, amma kamar an ɗaure mini shi a jikin tebur. Ban taɓa tauna abu yana kallon bakina ba. Na ajiye cokalin, na kurɓi ruwan kwakwa, na juya ina kallon teku.

"A ci mana, Hajiya," ya ce.

"Na ƙoshi," na ce. "Gajiyar jirgi ce."

Shi ma bai ci ba, tunda babba ba ta sa hannu ba. Muka zauna kifin ya huce a tsakaninmu, matar ta zo ta duba mu, ta duba tukunyar, ta juye ta a roba muka tafi da ita. Da muka koma gida na shiga ɗaki na ci dabino da ƙuli-ƙulin da na kawo masa tsaraba, ina ci ina jin haushin kaina.

Kashegari ya sake kai ni wurin, ya zaunar da ni a tebur ɗin jiya, ya yi magana da matar, sannan ya duba wayarsa ta salula ya ce ana nemansa a biro, wato wurin aikinsa, zai dawo ya ɗauke ni kafin magariba. Ya tafi. Aka kawo tukunyar da faranti biyu. Na ci, ba zan yi ƙarya ba, na ci sosai, don kifin ya yi daɗi kuma yunwa ta kwana da ni. Rabi na ci daga gefena, na bar masa ɗaya gefen ban taɓa ba.

Daga ranar abin ya zama ƙa'ida. Da safe ya kai ni ganin gari, tsohuwar coci, kasuwar masu saƙa, inda masunta ke jawo jiragensu, da la'asar kuma biro ya kira shi. Na gaskata, don na san aikin Nasara ba ya jiran uwar kowa. Amma zaman nan ya ci mini rai. Kowane tebur cike yake da iyali, kaka da jikoki, mata da miji, suna ihu suna miƙa wa juna cokali a baki. Na ga wani ƙato mai gemu ya rungume tsohuwarsa ya sumbaci goshinta a gaban kowa, na kawar da kai don kunya, sai kuma na sake waiwayawa. Ba wanda zan ce wa "bisimilla". Ranar farko da na zauna ni kaɗai ma na yi wa wani tsoho da ke wucewa nuni da tukunyar kamar yadda ake yi a gida, ya ɗaga mini babban yatsa ya wuce abinsa. Faransancina na kasuwa bai yi mini amfani ba, Hausa da Zabarmanci kuwa sai dai in yi wa kifin. Kaɗaici na sani tun rasuwar maigidana, amma na Kirkissoye yana da maƙwabta, ana leƙowa a ce fofo, sannun Zabarmawa. Wannan kuwa kaɗaici ne a tsakiyar kiɗa da dariya, ya fi wancan zafi.

Rabin da nake bari matar takan zuba mini a roba, in kawo in sa a firigo ya yi sanyi ba tare da na ce komai ba. Da safe sai in tarar da robar ba kifi, sai albasa an tara a gefe guda. Na ɗauka in ta kwana tsami take yi. Ina jin daɗi dai ya ci, in ce wa kaina ai tukunya ɗaya muka ci, lokaci ne kawai ya bambanta. Amma na san ba abin da ya kawo ni ba ke nan, kwanaki kuma suna ta tafiya. Kullum in shirya maganar a bakina, "a zauna yau mana", yana duba salula sai in haɗiye ta.

Ana gobe zan tashi, na riga na ɗaure kayana, ya kai ni ya tafi kamar kullum. Matar ta kawo tukunyar ta ajiye. A maimakon ta wuce sai ta tsaya, ta dafa kujerar da ba kowa, ta yi wata doguwar magana da ban ji ko kalma ɗaya ba. Da ta ga ban gane ba, ta taɓa kafaɗata ta nuna mini hayin titi da haɓa.

Can bayan rumfar mai sayar da kwakwa akwai wata gajeriyar katanga. A kanta yaron nan yake zaune, da rigar da ya fita da ita, ya ba teku baya, yana cin burodi a takarda. Matar ta juya yatsa a iska sau da yawa, na gane tana nufin kullum. Ashe babu wani biro. Ya ga hannuna ya ƙi ranar farko, ya san dalili, shi ne yake ba ni wuri in ci a sake, ya zauna a katanga yana jira in gama. Ni ina nan ina cewa aiki ya hana shi zama da ni, shi yana can yana kiyaye mini kunyata.

Na tashi tsaye. Titin ba shi da faɗi, da na kira sunansa da ya ji. Sunan ya zo har maƙogwarona ya tsaya. Na ce "Kai!", wasu maza a teburin kusa suka waiwayo, shi kuwa ƙarar teku da ta motoci ba su bar shi ya ji ba. Idona ya cika da hawaye, na koma na zauna.

Sai na yi abin da na iya. Na ɗauki faranti na biyu, na zuba shinkafa, na zaɓo tsokar tsakiya, na kwashe albasar da ke sama na ɗora masa don ta fi ɗaukar miya, na kife ɗaya farantin a kai. Na miƙa wa matar na nuna mata katangar. Ta yi dariya har da dafa ƙirji, ta karɓa, ta tsallaka titi tana ɗaga wa motoci hannu.

Ina kallo ya karɓa, ya buɗe, ya daɗe yana duban abin da ke ciki. Sannan ya rufe, ya taso da shi a hannu, ya zo ya tsaya a gefen teburina yana kallon ƙasa.

"Hajiya, nan ba a hita da kwanon mutane," ya ce.

"To a zauna a ci nan, a ba su abinsu," na ce, ina kallon teku.

Ya ja kujerar, bai sa ta gabana ba, ya kawo ta gefena ya juya ta wajen ruwa. Na karɓi farantin na juye komai a cikin tukunyar, na tura ta tsakaninmu. Na wanke hannu da ruwan da ke cikin kofi, na ajiye cokali gefe, shi ma ya yi haka. Muka yi bisimilla. Ni ina kallon teku, shi yana kallon teku, hannuwanmu suna shiga tukunya ɗaya. Kifin ya fara hucewa, ban damu ba.

Da gefen ido na lura yana tsince albasa ɗaya bayan ɗaya yana tarawa a bakin faranti.

"Ba ta yi daɗi ba ne?" na tambaya.

"Ban taɓa cinta ba, Hajiya," ya ce a hankali. "Tun ina ƙarami. In an aiko da kwano daga Kirkissoye, Iya ce ke tsince mini."

Na san wadda ba ta son yaji a cikin ƙannensa, na san wadda ke son ƙanzo, na san mai kuka in ba a ba ta kan kifi ba. Shi kuwa duk kwanon da na taɓa aika masa sai na cika shi da albasa, don a wurina ita ce gatan miya. Na sa hannu na jawo sauran albasar da ke gefensa zuwa nawa gefen, na ci gaba da ci. Ya gani, shi ma ya ci gaba. Muka cinye tukunyar tas, matar ta zo ta ɗauke ta ba roba a hannunta.

Kashegari ya kai ni filin jirgi. Ya durƙusa ya gaishe ni, na ce Allah ya yi albarka, na shige ban waiwaya ba, don kada ya ga fuskata.

Yanzu ina Kirkissoye, na koma rumfata, ƙawayena sun sha labarin matan bakin teku har sun gaji da dariya. Labarin tukunyar ban ba kowa ba. Yakan kira ni a salula ranar Juma'a, mu yi "an wuni lahiya", a tambayi zafi, a tambayi kasuwa. Jiya na samu giwan ruwa mai kyau daga wajen masuntan Tondibia, na dafa shi da manja a tukunyar ƙasa. Na ɗauko albasa na riƙe, na mayar da ita cikin kwando. Miyar ba ta yi mini daɗi ba ko kaɗan. Na ci rabi daga gefena, na rufe sauran da faifai.