Bencin Tela da Direba

Da hantsin ranar Litinin, goma sha bakwai ga watan Fabrairu, Allah ya karɓi ran mutumin da yara da iyayensu suka sani da Tela, mai kaɗa jita, abokin waƙar Direba na tsawon shekara ashirin da uku. Ciwon ƙirji ne ya kama shi a shagonsa yana cikin ɗinkin wuyan wata riga, bai kuma kai azahar ba. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ya rasu saura kwana goma sha biyu su yi wasan da suka saba yi kowace shekara don taimaka wa ɗakin yara na asibiti.

Da gangan na jinkirta wannan rubutu, Tela, har sai da wasan ya wuce. Aikin jarida ya koya mini kada in rubuta abin da ban tabbatar ba, ni kuwa a kanka na karya wannan ƙa'ida har sau biyu.

Ga wanda bai taɓa ganinku ba, ku biyu ne kawai: kai da jitarka, Direba da muryarsa. Ba ganga, ba 'yan amshi. Waƙoƙinku na akuyar da ta cinye littafin makaranta ne, da na kakar da ta wuni tana neman tabaraunta alhali yana goshinta, da na tsohuwar motar da ba ta hawa tudu sai fasinjoji sun sauka. Ka taɓa gaya mini ma'auninka: duk baitin da ba za ka iya rerawa ba mahaifiyarka na damanka, jikarka na hagunka, to ba naka ba ne. Masu hali sun sha neman ku sa sunayensu a waƙa, kana ba su haƙuri da murmushi, ka ce akuyar ta riga ta cika wurin.

Babbar ma'aikaciyar jinya ta ɗakin yara ta shaida mini cewa ranar da ka fara shiga wurin, ba gadaje ka tsaya kallo ba, rigunan marasa lafiya ka kalla. Na manya ne ake naɗe wa yara. Bayan mako biyu ka dawo da buhu cike da ƙananan riguna da ka haɗa daga ragowar yadi, kowace da aljihu. Da ta tambaye ka amfanin aljihu a rigar asibiti, sai ka ce yaro ko a gadon jinya yana da abin ɓoyewa. Ba ka fasa kawo su ba har bara.

Amma abin da ya hana ni sukuni tun rasuwarka shi ne benci.

Duk inda za ku yi wasa, kan benci guda na katako kuke zama, kafaɗa na gogar kafaɗa, kai kuma kana dukan ƙafar bencin da diddige tun daga farkon waƙa har ƙarshenta. Shekara takwas da suka wuce na rubuta sharhi a kanku. Na yabi waƙoƙin, sannan na ce zaman ya yi kama da na masu jiran mota, dukan diddigen kuma al'adar keken ɗinki ce da ta biyo ka dandamali. Washegari sai ga ka a ofishinmu da jaridar a hannu. Na gyara zama ina jiran faɗa.

"Ɗan jarida, na karanta," ka ce. "Alƙalaminka da kaifi. Amma aljihun rigarka ya yage. Cire in kama maka, kada alƙalamin ya faɗi."

Ka zare allura daga hularka, ka ɗinke shi a gaban abokan aikina suna dariya, ka tafi ba ka ce uffan a kan benci ba.

Da shekara ta zagayo, masu shirya wasan suka ɗauki shawarata. Suka ajiye muku kujeru biyu masu laushi, tsakaninsu taku uku, ba su gaya muku ba sai da kuka fito gaban jama'a. Ina cikin zauren. Direba ya shiga waƙa kafin lokaci, ya wuce kiɗa, ya dawo baya, ya sake wucewa. A waƙa ta uku ka ajiye jita ka miƙe, ka ce wa jama'a su yi haƙuri, yatsunka ne suka tsufa, su ne ke ɓata wa abokinka hanya. Ni kuma na koma ofis na rubuta cewa lokaci ya yi da Tela zai huta ya bar wa masu jini a jika. Ka karanta, na sani, domin ka aiko mini da gaisuwa. Wasa na gaba benci ya dawo, kowa ya ce taurin kan tsofaffi ne.

Kwana huɗu da rasuwarka na je gidan Direba in ji ko wasan yana nan. Na same shi a tsakar gida ya ba ni baya, yana goge bencin da tsumma. Na yi sallama sau biyu bai juyo ba. Matarsa ta leƙo ta ce, "Zagaya ta gabansa, Malam. Sai ya ga bakinka."

A nan na ji abin da ka rufe shekara goma sha ɗaya, kuma da izininsa nake rubuta shi. Shekara talatin a kan injin babbar mota sun cinye masa kunne. Na hagu ya mutu, na dama yana jin sauti kamar daga ƙarƙashin ruwa. Kai ka fara ganewa, tun kafin likita. Ba ka yi masa maganar ba. Kafinta ka samu ya yi muku benci da falanki guda, ba haɗi, don duk abin da diddigenka ya buga a wannan gefe ya isa jikinsa a wancan. Bugu ɗaya-ɗaya shi ne tafiyar waƙa, biyu a jere kuma shiga baiti.

"Ni ba jitarsa nake bi ba," in ji Direba. "Rabona da jin ta sosai har na manta. Ƙafarsa nake ji a ƙashin bayana. Ranar kujerun nan, kamar an cire mini sitiyari ana gangara. Shi kuma ya tashi ya ce yatsunsa ne. Yatsun da ke zura zare a allura ba tabarau!"

Bai ambaci abin da na rubuta ba. Da ya zage ni, da na fi samun sauƙi.

Wasan bana domin na'urar taimakon numfashi aka shirya shi, wadda ɗakin yaran ya daɗe yana jira, kuma an riga an sanar. Aka samo wani malamin kiɗa, gwani ne, ya zauna a gurbinka. Direba bai yarda a gaya wa malamin komai game da kunnensa ba. Sau uku suna gwaji, sau uku waƙa na watsewa. A na ƙarshe Direba ya ce ba zai hau ba, domin bai shirya a tafa masa don tausayi ba. Aka yi ta lallashi. Har safiyar Asabar ba wanda ya san abin da zai faru.

Da la'asar zauren ya cika, har da yaran da aka turo daga asibiti a keken marasa lafiya, wasunsu sanye da rigunanka. Direba ya fito shi kaɗai. Ya zauna a gefensa na kullum, can bakin benci, sai ɗaya gefen ya ɗaga sama, saura kaɗan ya faɗi. Yara suka fashe da dariya, sun zaci wasa ne. Manya suka sunkuyar da kai. Ya gyara zama, ya buɗe baki, ya rufe. Na ga hannunsa yana lalube a kan falankin.

Sai babbar 'yarka ta taso daga layin gaba, wadda ta yi shekara goma sha biyar tana ɗinki a keken da ke kusa da naka. Ta miƙa wa mijinta goyonta, ta hau dandamali, ta tuɓe takalmin dama, ta zauna a gurbinka. Ta dube shi yadda zai ga bakinta, ta ce, "Baba Direba, ta akuya." Ta buga biyu a jere.

Ya rera waƙa huɗu ba jita, bai kauce ko sau ɗaya ba. A ta biyar, wadda kai ke karɓar rabin baiti, ya kai wurin ya jira, ba wanda ya karɓa. Ya tashi ya sauka. Daga baya na tambayi 'yarka ko kai ka gaya mata. Ta ce, "Baba bai taɓa faɗa ba. Amma kowace waƙa a kan keke yake gwada ta, kuma ina da ido."

An samu na'urar. Sai dai Direba ya ce wannan ne hawansa na ƙarshe, jitarka tana rataye a shago ba mai taɓawa, ban kuma san wanda zai ɗinka wa yaran riguna baɗi ba. Ni ma ina da abin da ban samu damar faɗa maka ido da ido ba, don haka ga shi a inda na yi laifin. Gyara: shekara bakwai da suka wuce, wannan shafi ya ce yatsun Tela sun tsufa. Ba haka ba ne. Mutuncin abokinsa ya rufe da nasa, mai rubutun kuma bai bincika ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinsa, da 'ya'yansa biyar da jikokinsa, da ma'aikatan ɗakin yara, da Direba, wanda ya yi rashin aboki ya kuma yi rashin kunne a rana guda. Allah ya ba su haƙurin da ya fi ƙarfin wannan rashi. Allah ya jiƙan Tela, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa, ya sa Aljanna ce makomarsa. Yadda ya rufa wa ɗan'uwansa asiri a gaban jama'a, ya Allah ka rufa masa nasa ranar da za a tara kowa. Amin.