Baba Gambo da Ƙungiyar Bayahude Ɗaya

Baba Gambo mai ɗinkin buhu bai iya ganin mutum biyu zaune ya wuce bai kafa musu ƙungiya ba. Ku da kuka yi aiki da shi a kamfaninmu na casar shinkafa, nan bakin Haɗejiya, kun san ban yi masa ƙage ba. Shi ya kafa Ƙungiyar Masu Ciwon Baya, wadda a kwance ake taronta, rabin jama'a na minshari. Kowacce ya kafa shi ne shugaba, ni kuma sakatare, ba a taɓa tambayata ko ina so ba.

Wadda ta fi ba mu wuya ita ce ta Iliya, bakanikenmu. Ibo ne daga kudu, mai bin addinin Yahudu. Yana ɗora 'yar mitsitsiyar hula a tsakar ka, kuma ko injin zai kama da wuta ba ya taɓa shi ranar Asabar. Mun daɗe tare, iyakarta tsokana. Da yaƙin Gaza ya ɓarke, wayoyi suka cika da hotunan gawarwakin yara, sai gari ya juya masa. Aka daina amsa gaisuwarsa, aka daina haɗa kwano da shi, wata rana ya fito ya tarar an farke tayoyin babur ɗinsa. Ya fara cigiyar wanda zai sayi katifarsa. Tafiya zai yi.

Baba na jin haka ya ajiye basilla, ya ja Iliya har gindin bishiyar mainar da ke tsakar kamfani, ya sanar cewa an kafa Ƙungiyar Yahudawan Ma'aikata. Bayahude ɗaya, shugaba ɗaya, sai ni. Na ja shi gefe na raɗa masa cewa mutane fa za su ce ya bar Musulunci.

Ya ce, "Na shugabanci ƙungiyar mata masu shiƙa shekara da shekaru. Wa ya taɓa aiko min da zani?"

A zaman farko ya kawo tuwo da miyar tarwaɗa, abin da ya fi ƙauna a duniya. Iliya ya yi godiya, ya ce addininsa ya hana shi cin kifin da ba shi da ɓawo a jiki. Ban taɓa ganin Baba ya dubi mutum da tausayi irin na ranar ba. A ce kana zaune a Haɗejiya ba ka cin tarwaɗa! Nan take ya kafa doka, a taro sai karfasa mai ɓawo. Shi kuwa Baba ya tsani karfasa, ƙayarta ba ta wuce maƙogwaronsa lafiya. Kusan kowane zama sai ta maƙale masa, Iliya na bubbuga masa baya, shi yana tari, ido jawur, yana yi min alama da hannu in ci gaba da taro.

Sai maganar ƙara mambobi. Mainar nan ita kaɗai ce inuwa a filin, Baba ya ce duk wanda ya zauna a ƙarƙashinta ya shiga ƙungiya. Bazara ta taya shi aiki. Masu dako suka fara zuwa ɗaya-ɗaya, da farko suna ba Iliya baya, daga baya hannu ya koma kwano. Habu direba ne ya ƙi, gwamma ya ci abincinsa a ƙarƙashin mota. Wata rana ya taso a fusace, ya dangwara wa Baba waya a hannu, ya ce ya kalli bidiyon yaran Gaza, sannan ya faɗa masa yadda yake iya cin abinci da irin mutanen nan.

Baba ya kalla har ƙarshe, hawaye na bin gemunsa. Ya ɗaga hannu ya yi wa yaran addu'a, muka shafa, Iliya kansa a sunkuye. Sannan ya miƙa wa Habu wayarsa.

"Na gani, ɗana, kuma Allah ya isar musu. Amma wannan da ke zaune, ban da injinmu ba abin da ya taɓa buga wa guduma. Wanda ya sake taɓa babur ɗinsa, ni ya taɓa."

Habu bai shiga ƙungiya ba har yau. Tayoyi dai ba su sake farkewa ba.

Da damina, lokacin da kogi ya shanye hanyar gonaki, Baba ya yi 'yar gajeriyar jinya ya cika. Iliya ya tsaya a bayan katangar maƙabarta har muka gama. Bayan kwanaki ya same ni wajen sikeli ya ce yana da magana. Na ɗauka sallama zai yi min. Ashe gida mai ɗaki biyu yake so in nema masa, matarsa da 'ya'yansa za su taso daga kudu bayan girbi.

Na kama masa wanda ke jikin nawa. An yi ƙananan maganganu a unguwa, na ce mai magana ya zo ya same ni, ina ƙofar gida kullum bayan la'asar.

Allah ya jiƙan Baba Gambo, ya yalwata masa makwanci, ya haskaka kabarinsa. Mu da ya bar wa amana, Allah ya ba mu ko rabin taurin kansa.