Tulun da Aka Hana Raka Tamar

An hana Mama Lai'atu buga tulu ranar jana'izar aminiyarta Tamar, kuma da durƙuso aka hana ta.

Duk Manchok an san ta. Da damina tana gonar citta, ranar kasuwa tana toya ƙosai a bakin tasha. Ran Lahadi kuwa tana layin gaba na zumuntar mata a coci, tulu tsakanin gwiwoyi, soson buga shi a hannu. Tun tana amarya surukarta ta koya mata bugun. Tamar ke ba da waƙa, ita ta amsa da tulu, har suka yi furfura.

Da ciwo ya kwantar da Tamar, ta riƙe hannun Lai'atu ta ce, "Ke sarkin taurin kai, in na riga ki, ke za ki raka ni. Kada su sa mini kiɗan lantarkin nan."

"Na ji, uwar surutu. Sha kununki."

Tamar ta rasu. Lai'atu ta wanke tulu, ta sayi sabon soso, ta tafi wurin masu shirya jana'iza. Sai Bartholomew, babban ɗan marigayiya, wanda ya zo daga Abuja, ya zube ƙasa.

"Haba Mama, ke da ake yi wa ta'aziyya? Ai wannan aikin yara ne. Mun ɗauko makaɗa daga Kafanchan. Ke kujerar gaba za ki zauna, ki huta."

Da zaginta ya yi, da ta san amsa. Amma yaron da ta goya ne durƙushe a gabanta, dattawa na gyaɗa kai. Ta ce, "To, ɗana."

Aka zaunar da ita gaba, aka ba ta ruwan sanyi. Makaɗa suka ɗauki waƙar Tamar suna gudu da ita kamar ana korar su. Ita kuwa hannunta na ta bugun cinya, har aka fita da akwatin gawa.

Tun ranar tulun na kife a bayan ƙofa. Kowa ya tambaya, sai ta ce, "Na yi wa gawa ƙarya."

Ba ita ta yi ƙaryar ba. Bartholomew, kai da dattawan da suka gyaɗa kai, ga sujadar tunawa da marigayiya ta matso. Ku je gidanta, kada wanda ya durƙusa. Ku ɗauko tulun da hannunku, ku kai shi bakin kabari, ku kashe lasifika, ku bar matar nan ta cika alkawarinta.