Mutumin Kan Dutse a Bakin Teku

A tashar jiragen ruwa ta Callao wani mutum na tsaye da matarsa da 'ya'yansa uku, ya juya wa teku baya. Sanyin kan duwatsu ya ƙona masa kumatu. Da alama bai taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwa ba, ga shi kwana arba'in za su yi a kai.

Yana koya wa yaran tafiyar cikin jirgi, ƙafafu a buɗe kamar agwagwa, suna ta dariya.

"Eusebio, sarkin ruwa!" in ji matarsa. "A ina ka koya?"

Jirgi ya busa ƙaho. Autarsu ta kama hannunsa.

"Baba, hannunka na rawa."

"Naki ne, uwata. Riƙe ni sosai, zai daina."

Shi ya fara taka matakalar jirgin.